Surukata da Ta Kori Kujera daga Ɗakinta

Daga Allah muka fito, gare shi Mma ta koma ranar Laraba gab da la'asar, kuma tun kafin a yi sadakar uku na ji abin da ya ishe ni a tsakar gidanmu na unguwar Nima a Ankara.

Mata sun cika gidan, tabarmi har bakin zaure. Ni matar ɗanta ce, aikina in zagaya da buta da kwanon goro, in amsa gaisuwa, in ja bakina in yi shiru. Na yi shirun, amma ina ji. Wata tsohuwa daga unguwar Maamobi ta ce Allah ya hutar da baiwarsa, ta sha wahala a ƙarshen rayuwarta. Ta kusa da ita ta karɓe zancen, ta ce da idonta ta sha ganin Hajiya da sassafe riƙe da buta a layin ban ɗakin unguwa, ga ɗa mai lori biyu a tashar Tudu, ga suruka ƙatuwa zaune a gida. Wata ta ce taurin kai ne irin na tsofaffin Gobir. Yayar maigidana kuwa ba ta tsaya raɗa ba, ta dube ni a gaban jama'a da irin Hausarmu ta haifaffun Ankara, wadda ba ruwanta da mace ko namiji, ta ce, "Ku ne kun kashe shi da tafiya. Tsoho kamar wannan, ba ku ji tausayin shi koraa, ko kaɗan."

Na haɗiye. A gidan makoki suruka ba ta da baki. Amma an yi sadakar arba'in yanzu, tabarmin sun koma gidajen masu su, kuma ba zan bari a tuna Mma a matsayin tsohuwar da aka wulaƙanta ba. Wulaƙanci ɗaya na san an taɓa yi mata a gidan nan, da hannuna aka yi shi, kuma mu a lokacin ladabi muke ce masa.

Mma da ƙafa ta zo ƙasar nan. Tana yarinya mahaifinta ya taso da ita cikin ayarin fatake daga Gobir har Salaga, kuma ba ta yarda ta hau jaki ba ko sau ɗaya, a faɗarta dai. A Salaga ta yi aure, daga can suka gangaro Kumasi, daga Kumasi Ankara. Shekara da shekaru tana sayar da koko da ƙosai a bakin titin Nima, da shi ta raini 'ya'yanta biyu bayan mijinta ya rasu. Gajeruwa ce, siririya, amma in ta ɗaga zani za ta tsallake kwata sai ka ga sharaɓa kamar ta ɗan dako. Ba ta dafa ƙasa in za ta tashi daga tabarma. Sai ta tattara ƙafafu, ta miƙe tsaye cak, hannuwanta na riƙe da abin da take riƙe da shi. Da haka take auna mutane. In baƙo ya tafi ba ta cewa mai kirki ne ko marowaci, sai ta ce, wannan da gwiwa biyu da hannu biyu ya tashi, ba zai jima ba. Ranar da aka kawo ni gidan, sau uku ta sa aka kira ni daga zaune ba tare da wani dalili ba. Daga baya ta ce min tana duba kayan da ɗanta ya sayo ne. Tun ranar take kirana Amarya, har na haifi huɗu ba ta sauya ba.

Ga wanda bai san Nima ba, sai na faɗi yadda gidajenmu suke. Ɗakuna ne jere a kewaye da tsakar gida, kowane ɗaki da iyalinsa, mu da Dagomba da Mosi da wata Bagaya, 'yar asalin garin, mai sayar da dokunu, tuwon masarar nan da ake naɗewa a ganye. Babu ban ɗaki a gidan. Na unguwa ake zuwa: ka wuce masallaci, ka gangara, ka bi ta kan katakon da aka gicciya a kan babbar kwata, sannan ka shiga layi. A ciki ramuka ne a jere, ƙasa a jiƙe, bango kuwa ba wanda zai so ya taɓa shi ko da sanda. Tsugunawa ake yi, a tashi, ba abin dafawa. Wanda cinyarsa ta daina ɗaukarsa ya gama zuwa can. Sai a ajiye masa fo a ƙarƙashin gado, wannan farar tasa mai murfi, kowace safiya wata ta rufe ta da tsumma ta ratsa tsakar gida da ita kowa na kallo.

Shekara biyu ko uku bayan samun 'yancin kai, harkar maigidana ta buɗe, ya biya wa uwarsa Makka a jirgin sama. Ta dawo tana ƙorafin an ɗaure ta a kujera kamar kaya, amma tana alfahari ta yi ɗawafi da Safa da Marwa da ƙafarta, alhali ana ɗaukar waɗanda ta girme su a kan makara. Ta dawo kuma da zazzaɓi, daidai lokacin da ruwan sama ya kankama, hanyar ban ɗaki ta zama taɓo.

A nan muka yi ɓarnar. A Zango, wato unguwannin baƙi irin tamu, in mace ta zama Hajiya, ba ta sake ɗaukar kaya. Maigida ya sa kafinta ya yi mata kujera mai hannu da matasai, aka kafa ta a ɗakinta, masu zuwa barka suna layi suna karɓar zamzam da dabino. Aka hana ta koko, wai abin kunya ne uwar mai lori ta zauna bakin titi. Ni kuwa na fi kowa zaƙewa, don ina so a ce surukar Hajiya ta iya biyayya. In ta miƙa hannu za ta ɗauki buta na riga ta. In ta yunƙura na ce, zauna Mma, me ake nema? Ni na sayo fo na farko, na ce saboda ruwan sama ne kawai, kafin ta warware. Zazzaɓin ya tafi cikin mako biyu. Kujerar da fo ɗin suka zauna wata biyar.

Wata safiya na shiga da kokonta na same ta a durƙushe a kan buzun salla, rana har ta fito. Na ɗauka addu'a take yi. Na ajiye kwanon zan fita, sai na ga zufa na ɗiga daga haɓarta. Ashe tun raka'ar farko ta asuba ta yi sujada ta kasa miƙewa, ta ƙarasa sallar a zaune, ta yi ta gwadawa, ta ƙi kiran kowa. Na kama ta na ɗaga. Cinyarta a hannuna ta yi laushi kamar tuwon da ya sha ruwa. Ta bi ni da ido na sunkuya na jawo fo, na rufe shi da tsumma, na fita. A tsakar gida Bagaya mai dokunu ta kauce min hanya tana toshe hanci a wayance, ta ce, "Yaya Hajiya, ya ji sauƙi?" Mma tana jin ta daga ɗaki.

Da na dawo da fo ɗin a wanke, ta ce in miƙo mata shi, da ƙusa, da dutsen niƙa. Ta kife shi tsakanin ƙafafunta ta huda gindinsa wuri uku. Sannan ta ce a fitar mata da kujerar nan kafin azahar, ko ta sa mata wuta.

Maigida ya dawo ya tarar da kujerarsa a tsakar gida yaran Dagomba na tsalle a kai. Ransa ya ɓaci ƙwarai. Ya shiga ya durƙusa, ya yi ta lallashi, ya ce duk abin da yake yi don ta huta ne. Ta ce ta gode, ta huta, ga abin da hutun ya bar mata, ta ɗaga zani ta nuna masa ƙafafunta. Ta rantse a gabansa, ni ma ina tsaye a bakin ƙofa, cewa daga ranar har ta koma ga Allah babu mahaluƙin da zai sake ɗaukar ƙazantarta. A kwanakin farko da ba ta iya kaiwa ban ɗakin, ta yarda in riƙe ta har can, ta dafa kafaɗata a ciki, tana zagin ƙafafunta a hankali kamar yaran da suka ƙi aike.

Sai ta sa na kife mata turmi a ƙofar ɗaki. Bayan kowace salla ta zauna a kansa, ta rungume hannuwa a ƙirji, ta miƙe, ta koma, ta miƙe. Ranar farko uku ta yi ta kusa kifewa. Da carbinta na Makka take ƙirgawa, kowace tashi ƙwaya ɗaya, tana cewa Allahu Akbar. Labari ya kai kunnen limamin unguwa, ya aiko cewa carbi ba na wasan motsa jiki ba ne. Mma ta ce a gaishe shi, a kuma tambaye shi wanne ne haramun a ciki, kabbarar ko tsayuwar, don ta san wanda za ta bari. Ba a sake aikowa ba. Da ta kai talatin da uku a kan turmi ta koma kujerar tsuguno, daga nan ta koma tabarma. Ta fara zuwa famfo da gwangwanin madara, mutane na dariya, ta koma ƙaramin bokiti. In na miƙa hannu zan karɓa sai ta maka min harara ta ce, "Amarya, kin ci min ƙafa sau ɗaya, bai ishe ki ba?"

Wajen wata uku aka yi kafin ranar da ta ɗauki butarta ta ce kada wanda ya biyo ta. Duk gidan muka yi cirko-cirko a bakin zaure muna leƙenta har ta hau katakon kwata ta sauka. Da ta dawo ba ta kalli kowa ba, ta wuce ta ce me aka dafa.

Ba zan ɓoye ba, ta faɗi sau ɗaya. Santsi ya kwashe ta a gangaren masallaci, goshinta ya fashe, aka yi mata ɗinki a asibiti. Ranar maigida ya yi faɗan da ban taɓa jin ya yi da uwarsa ba. Ya ce ta sa ya kasa ɗaga kai a masallaci, a tashar Tudu har yaran mota suna nuna shi, wai ga wanda uwarsa Hajiya ke bin layin ban ɗaki. Ta bar shi ya gama, kanta naɗe da bandeji, sannan ta ce, "Kunyarka ta ranar Juma'a ce, a gaban maza. Tawa ta kowace safiya ce, a hannun matarka. Ka auna ka gani wa zai haƙura." Ya fita bai ci abinci ba. Washegari ta ɗauki butarta.

Ni ma a lokacin ina jin haushinta, don ni ake zagi a unguwa. Wata rana da yamma muna tsintar wake a faranti na kasa daurewa, na ce, Mma, ni fa ban taɓa ƙorafi ba, me na yi da ba kya so in yi miki hidima? Ta ajiye waken da ke hannunta. Sannan ta ba ni labarin da ban ji ta ba kowa ba. A Salaga, uwar mijinta ta kwanta shekara uku, ita ce mai kwashe kaskonta safe da yamma. Ta ce matar kirki ce, ta riƙe ta kamar 'ya.

"A shekara ta uku," in ji ta, "wata safiya na ji tarinta daga ɗaki, sai na ji haushin tana da rai. Har Makka na je da wannan, ban ajiye shi ba. Ke yarinyar kirki ce, Amarya. Ba na so ki ji tarina wata rana ki ji abin da na ji."

Na tuna safiyoyin wata biyar ɗin nan, da yadda nake riƙe numfashi ina ratsa tsakar gida, na san ta riga ta ga abin da ni ban yarda na gani ba. Tun ranar na daina rige-rigen ɗaukar mata buta, masu zagi suka ci gaba da zaginsu.

Shekara shida ta yi bayan haka a kan ƙafarta. Ba ta koma sayar da koko ba, amma ita ke zuwa kasuwa, kuma ba ta hau trotro, motar haya, zuwa Maamobi ba ko sau ɗaya. Tana da ƙawa a can, tun ta Kumasi, wadda 'ya'yanta suka hutar da ita irin hutun da muka yi wa Mma. Duk Alhamis sai ta taka ta je, ta ɗaura wa matar zani a ƙugu tana ja, tana cewa tashi, ɗaya kawai. Ba ta yi nasara ba, matar ta riga ta saki jiki, ba ta sake miƙewa ba har ta rasu. Mma ba ta fasa zuwa ba. Sai ta yanke mata farce, ta shafa mata man kaɗanya a ƙafa, ta dawo gida tana huci, ta yi wa turminta talatin da uku babu ko salla a gaba.

Ciwon ajalinta kwana uku ne, a ƙirji ya kama ta. Ranar Talata ta dawo daga ban ɗaki tana layi kamar za ta zube, maigida ya gani. Da yamma ya shigo da sabon fo a naɗe cikin takardar kanti, ya tura shi ƙarƙashin gadonta tana barci. Yana da lodin Kumasi washegari, kuma duk mun ɗauka mura ce mai nauyi. Kafin ya fita bayan asuba ya ce min in ja sakatar ɗakinta ta waje, kada in bari ta fita ko me za ta ce. Ya ce in wani abu ya same ta a hanya, ni da shi ne. A shekara goma sha tara na aurenmu ban taɓa tsallake maganarsa ba. Na ja sakatar.

Da rana ta ɗan ɗaga na ji ta taɓa ƙofar. Ba ta buga ba, ta san ina tsaye a wurin.

"Amarya," ta ce, muryar a shaƙe. "Na ga abin da ya ajiye min. Wannan ciwon ba na tashi ba ne, na sani, ke ma kin sani. Kwana nawa ya rage in cika rantsuwata? Kada ki karya min ita a nan."

Na tsaya hannuna a kan sakata ina kuka kamar yarinya. Na san abin da maigida zai ce, na san abin da yayarsa za ta ce, na san in ta faɗi a kwatar nan aurena ya faɗi tare da ita. Na buɗe.

Ta fito ta ɗaura ɗankwalinta daidai. Ta dubi butar da ke bakin ƙofa, ta dube ni, ta ce in riƙe mata, amma kada in taɓa ta. Wannan ne karo na farko cikin shekara shida da ta bar min butar, kuma a nan na gane ƙarfinta ya ƙare. Muka tafi, ita a gaba ni a baya. Tafiyar da take yi kafin ruwan shayi ya tafasa, ranar ta ci mana kusan awa. Ta tsaya a jikin masallaci ta huta, ta tsaya a tsakiyar gangare. A kan katakon kwata na buɗe hannuwana a bayanta ba tare da ta gani ba. Matan da ke layi suka dare suka ba ta hanya, ta wuce ba ta yi musu ba, ita da ba ta taɓa yarda a tsallake da ita layi ba. Ta karɓi butar ta shiga. Na tsaya a waje ina kasa kunne, ina karanta duk abin da ya zo bakina.

Da ta fito ta tsaya a gabana tana haki, ta buɗe min tafukan hannunta biyu, ta ce, "Ban dafa ba."

Muka dawo. Ta yi alwala da kanta, ta kwanta. Ta yi azahar a kwance da ishara, ba ta kai la'asar ba. Aka ba wani direba saƙo a Tudu, maigida ya iso aka yi jana'iza da shi washegari da safe.

To ga amsata ga matan da suka cika min tsakar gida. Ban san ko tafiyar nan ta rage mata awa ɗaya ko yini ɗaya ba, wannan sanin Allah ne. Na san dai abin da ta roƙa, na san ni na buɗe, kuma da za a mayar da ni bakin ƙofar nan yau, buɗewa zan yi. Wadda take ganin an wulaƙanta Mma ta je ta duba tsohuwar da ke ɗakinta, ta tambaye ta yaushe rabon da ta tashi daga tabarma da kanta.

Maigida kwana bakwai bai yi min magana ba, abinci ma yayarsa ce ke kai masa. Na riga na ɗaure 'yan kayana a zani, ina jiran takardar saki. Washegarin sadakar bakwai da hantsi ina share ɗakin Mma ya shigo. Ya durƙusa ya jawo fo ɗin daga ƙarƙashin gado, yana nan cikin takardarsa, ko igiyar ba a kwance ba. Bai ɗago ba ya ce, "Ta kai?"

Na ce ta kai.

"Da kanta ta tashi?"

Na ce da kanta, kuma da ƙafarta ta dawo.

Ya zauna a ƙasa wurin, ya rufe fuska da hularsa, kafaɗunsa na rawa. Sannan ya ce, "Alhamdu lillahi da ba ki ji maganata ba."

Allah ya yafe mata abin da ta kai Makka ta kasa ajiyewa, ya haskaka kabarinta, ya tashe ta a tsaye.